Sujadar Lahadi da Keken Ɗinkin Litinin

Tambaya: Baba Fasto, ni tela ne a Sabon Garin Zariya, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa a ikilisiyarmu. Ran Lahadi in muna waƙa har hawaye nake yi, amma da Litinin ta yi sai in ji kamar ba ni ba. Yawancin masu kawo mini ɗinki da maƙwabtan shagona Musulmi ne, kuma shekara shida ke nan ban taɓa yi wa ko ɗayansu maganar Yesu ba. Shugaban matasanmu ya ce kunyar bishara nake ji. Anya sujadata ta gaskiya ce? Yaya kuma zan ba da shaida ba tare da na tayar da fitina ba?

Amsa: Ɗana, na gode da ka buɗe cikinka haka. Tambaya biyu ka yi, amma ni abu ɗaya nake gani. Kafin in ce komai, bari ni ma in yi maka tawa. A ƙaramar Sallar da ta wuce, ɗinki nawa ka karɓa, nawa kuma ka ba masu shi a ranar da ka ce? Kada ka ga kamar na kauce hanya. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, na kuma riƙe ikilisiya a ƙauye da birni, kuma abin da na koya shi ne in kana son sanin sujadar tela, ka je shagonsa ana jajibirin Sallah.

Mu fara da kalmomin da muke faɗi kullum ba mu tsaya mun dube su ba. Mu Kiristan da ke amfani da Hausa muna cewa "za mu sujada", muna nufin dukan taron Lahadi, daga waƙar buɗewa har albarka. Maƙwabcinka Musulmi in ya ce sujada, sa goshi a ƙasa yake nufi, kuma ma'anarsa ce ta asali. Kalmar Helenanci da Yesu ya yi amfani da ita a Yohanna 4, a yadda aka rubuto mana, ita ma faɗuwa ƙasa ce a gaban wanda ya fi ka. Amma akwai kalma ta biyu. A Romawa 12:1, inda Bulus ya ce mu miƙa jikunanmu hadaya rayayyiya, kalmar da ya ɗauko ta hidima ce, irin aikin da bara ke yi wa ubangidansa. A Ibrananci ma kalma ɗaya ce ke ɗauke da aikin gona da hidimar Haikali, kuma saiwarta ɗaya da "ibada" da muka aro daga Larabci, saiwar da ke cikin sunan Abdullahi da na Obadiya. Hausa ta riga ta yi mana wannan aiki: bawa, bauta. Bawa ba ya bautar yini ɗaya a mako ya ce sauran shidan nasa ne.

To, ga macen nan Basamariya da Yesu ya yi hira da ita a bakin rijiya a Yohanna 4. Tambayarta ta wuri ce: a kan dutsen nan Gerizim za a yi sujada, ko a Urushalima? Ba tambayar wasa ba ce, domin sama da shekara ɗari kafin wannan hira Yahudawa sun rushe ɗakin ibadar Samariyawa da ke kan dutsen, ciwon bai warke ba. Yesu ya ce mata lokaci na zuwa, har ya yi, da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya. Matasa da yawa sun ɗauka "cikin ruhu" na nufin tsigar jiki ta tashi. Ka duba abin da ya faru kafin ya faɗi haka: ya ce mata ta je ta kira mijinta. Ya taɓo wurin da take ɓoyewa tukuna. Gaskiyar da ake nema ta haɗa da gaskiya game da Allah, yadda ya bayyana kansa cikin Almasihu, da gaskiya game da kai kanka, ba ado ba kwaskwarima.

Saboda haka hawayenka ba laifi ba ne, amma kuma ba ma'auni ba ne. Ni ma na sha yin hawaye a sujada, wani lokaci Ruhu ne ya soke ni, wani lokaci kuwa muryar mai rera waƙar ce ta tuna mini da mahaifiyata. Ba kullum nake iya rabe su ba a lokacin. Sai daga baya, in na ga abin da ya canja a halina, nake ganewa. Haka bushewar da kake ji ran Litinin ba ta nuna Allah ya tafi. Jiki ne ya sauko daga wurin kiɗa zuwa wurin aiki, haka aka halicce shi.

Bari in ɗan yi ƙorafin tsofaffi, ka yi haƙuri da ni. Na taɓa zuwa wa'azi a wata majami'a a birni, ana tsakiyar yabo aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Jama'a wajen ɗari uku suka tsaya cik, ana kallon ƙofa, kamar Ruhu Mai Tsarki ya fita tare da NEPA. Sai wata tsohuwa daga layin Zumuntar Mata ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi da ka, ba littafi a hannunta, sauran matan suka amsa, aka jawo tulu da kacau-kacau. Matasan da ke kan dandamali rabinsu ba su san baitin ba. Ba ni da faɗa da jita ko ganga ko lasifika. Zabura 150 ta lissafo kayan kiɗa fiye da waɗanda kuke da su. Abin da nake tsoro shi ne tsarar da ba ta iya yabon Allah sai da man fetur. Ka tuna Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya a gindin tsamiya ta yi sujadarta ta farko, a Garkida, ran 17 ga Maris 1923. Kai da kake Zariya ma ba sai ka yi nisa ba. Ka hau mota zuwa Wusasa ka ga majami'ar Bartalamawas da aka gina da ƙasa, ginin Hausa, wajen 1929, lokacin da mishan ɗin CMS na ikilisiyar Anglikan ya taso daga cikin birni. A irin waɗannan ɗakuna, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932, aka reni mutanen da har yau muke cin moriyar bangaskiyarsu.

Yanzu mu koma shago, inda maganar take. Akwai wani nassi da ban cika jin ana wa'azi a kansa ba, Amos 8:4-6. Annabin yana magana da 'yan kasuwa masu kiyaye Asabar, ka lura, masu kiyayewa, ba masu karyawa ba. Suna zaune a wurin ibada amma zuciyarsu na cewa yaushe Asabar za ta wuce mu buɗe rumbu, mu rage mudu, mu ƙara kuɗi, mu sayar har da ƙaiƙayi. A sura ta 5 kuma Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari molayensu ba. Wannan magana da 'yan ƙungiyar mawaƙa ake yi, ɗana. Bai ce muryarsu ba daɗi. Mudunsu ne bugagge.

Tela ba shi da mudu, amma yana da tef da almakashi da baki. Mutum ya kawo maka shadda yadi goma, ɗinkin ya ci takwas da rabi. Ina sauran? Na san al'adar sana'ar, ana cewa ƙyalle na tela ne. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, babu mai nema. Amma yadi ɗaya da rabi da zai fitar wa ɗansa riga ba ƙyalle ba ne, amana ce. Mace ta ba ka kafin alƙalami don ka sayo zare da kayan aiki, ka kashe a wata buƙata, ta zo ka ce mai surfani ne bai gama ba, alhali ko yankawa ba ka yi ba. Ka karɓi ɗinki arba'in kana sane kekenka da yaranka ashirin da biyar za su iya fitarwa kafin Sallah, domin ba ka son kuɗin ya wuce zuwa shagon gaba. Yaro ɗan shekara bakwai ya tashi ran Idi ba sabon kaya, yana kuka, uwarsa tana ambaton sunanka, ta kuma san kai ne mai zuwa coci da farar riga. Har "alkawarin tela" ya zama abin zolaya a bakin mutane. Sannan ga yaran da ke koyo a hannunka: kana koya musu yanka da gaske, ko shekara uku suna guga da sa maɓalli da sayo maka abinci, don kada su iya su buɗe nasu? Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikacin da aka danne yana kuka, kukan kuma yana isa kunnen Ubangiji. Ban ce kana yin waɗannan ba, ban san ka ba. Na jero su ne domin a nan ne Romawa 12:1 ke sauka ga mai sana'arka. Jikin da za ka miƙa hadaya shi ne ƙafar da ke taka keke da hannun da ke riƙe almakashi.

Akwai wata tsohuwar shaida da nake son ɗalibaina su sani, domin daga bakin wanda ba Kirista ba ta fito. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Roma mai suna Filini, da ke mulkin Bitiniya a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawarar yadda zai yi da Kirista. Ya bincike su, har ya sa aka azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya. Abin da ya samo shi ne suna taruwa a wata rana ƙayyadadda kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, sannan su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba za su karya alkawari ba, kuma in an ba su ajiya ba za su yi musu ba ran da mai ita ya zo karɓa. Ka ga tsarin sujadarsu? Waƙa, sai alkawarin riƙon amana, a zama ɗaya. Shaddar da ke rataye a shagonka ajiya ce.

Game da abin da zai riƙe ka tsakanin Lahadi da Lahadi, ba zan tsawaita ba, ka san shi. Ka buɗe shago da addu'a da ɗan karatu, ko aya biyar ce, kafin ka kunna rediyo. In akwai wanda ke da magana a kanka, Matiyu 5:23-24 ta ce ka ajiye baikonka ka je ku shirya tukuna. Wannan ya haɗa da mai ɗinkin da kake ɓuya in ka hango shi. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa tun da dukan rayuwa sujada ce, taron Lahadi ba dole ba ne. Itace ɗaya ba ya ci da wuta a murhu.

Sai maganar shaida. Shugaban matasanku ya yi gaskiya rabi. Shekara shida ba ka taɓa ambaton Ubangijinka ba a wurin da kake yini, wannan abin dubawa ne. Ban yarda da masu cewa hali kaɗai ya isa wa'azi ba. Hali ba ya faɗin suna. Ƙari a kan haka, kada ka yi zaton gaskiya da amana kayan Kirista ne su kaɗai. Mai yiwuwa Alhajin da ke sayar da yadi kusa da kai ya fi ka cika alkawari. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, wani limami dattijo, Malam Abdullahi Abubakar, ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya hana su shiga. Wanda ya san wannan ba zai shiga kasuwa yana jin shi ne fitila sauran duk duhu ba. Abin da muke shaidarsa ba kirkinmu ba ne. Muna shaidar cewa mu masu zunubi ne da aka yi wa alheri ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Riƙon amana shi ke sa in ka buɗe baki ba za a yi dariya ba.

Inda na rabu da shugaban naku shi ne in yana ganin shaida ita ce tsayawa a bakin shago da lasifika, ko tashi a cikin mota ka yi wa mutanen da ba su da hanyar fita wa'azi. Ban ce Allah bai taɓa amfani da wa'azin mota ba. Amma ka lura da abu ɗaya: mai wa'azin mota zai sauka a tasha ba za a sake ganinsa ba, shi ya sa yake da sauƙi. Kai gobe ma kana nan, jibi ma kana nan. Naka ya fi wuya, ya kuma fi nauyi. Bitrus, wanda wasiƙarsa ta fari ta je har Bitiniyar nan da na ambata, ya ce a zauna a shirye don ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Amsa tana bayan tambaya. Bulus kuma ya ce maganarmu ta zama da gishiri, mu san yadda za mu amsa wa kowane mutum (Kolosiyawa 4:6). Kowane mutum, da sunansa da damuwarsa.

Tarihinmu ma haka ya nuna. Gwamnatin Turawan mulki ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba. Turawan mishan kuma ba su taɓa yin yawa ba. Waɗanda suka kai bishara ƙauyuka 'yan ƙasa ne: manoma, malaman makaranta, ma'aikatan ɗakin magani, kutaren da aka yi wa jinya suka koma gida, masu bishara da ƙungiyar EMS, sashen mishan na ikilisiyar ECWA a yau, ta riƙa aikawa tun bayan kafa ta a 1948, da yawansu da fartanyarsu suke ci da kansu. Da aka kafa shirin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, tushensa ke nan, cewa shaida aikin kowane mai bi ne, kuma daga ƙananan ƙungiyoyin addu'a take farawa. Haka aka yi tun a Ayyukan Manzanni 11, inda waɗanda suka kafa ikilisiyar Antakiya, wurin da aka fara kiranmu Kirista, 'yan gudun hijira ne da ba a ko rubuta sunayensu ba.

Dole kuma in faɗa maka abin da za ka kiyaye, domin ƙasar da muke ciki ba a wasa da baki. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 38, ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, har da canja shi. Wannan hakkinka ne, kada kowa ya sa ka ji kamar sata kake yi. Amma mu da muka ga Kafanchan a Maris 1987, rikicin da ya tashi daga taron ɗalibai a kwalejin ilimi ya bazu har Zariyar nan taku aka ƙone majami'u, muka kuma ga Kano a Oktoba 1991 a kan zuwan Bonke, mai wa'azin nan Bajamushe, mun san magana zarar bunu ce. Ba ina wanke masu kisa da ƙone-ƙone ba, babu kalmar da ta halatta jinin mutum. Ina cewa ne kada ka taɓa aibata Annabinsu ko Alƙur'ani, a baki ko a waya, a fili ko a cikin zauren WhatsApp da kake zaton naku ne ku kaɗai. Ba don tsoro kawai ba. Zagi ba ya cikin 'ya'yan Ruhu, kuma ban taɓa ganin wanda aka zagi abin da ya fi ƙauna ya ce a ƙara masa bayani ba. Ka bar muhawarar nan ta "littafinku ya ce, littafinmu ya ce" da ake yi a bakin shaguna don a ga wanda zai kayar da wani. Na yi ta ina saurayi, na ci nasara sau da yawa a ganina, ban samu ko mutum ɗaya ba, na dai rasa abokai biyu. Kada ka ja yaran mutane gefe ba da sanin iyayensu ba. Kada ka haɗa bishara da ragin kuɗin ɗinki ko alkawarin taimako. Abin da aka saya da shinkafa, ran da shinkafa ta ƙare ya ƙare.

Abin yi kuwa, yawancinsa Bahaushe ya riga ya san shi, sunansa zaman tare. An yi wa maƙwabcinka haihuwa, ka je suna. An yi rasuwa, ka rufe shago ka je ka zauna a tabarmar gaisuwa, ba sai ka ce komai ba bayan "Allah ya ba da haƙuri". Yana asibiti, ka je dubiya, zuwa da kai ya fi aike. Da azumi kada ka baje kwanon abinci a gabansa da tsakar rana, ka shiga daga ciki. In ya tafi masallaci ya ce ka duba masa shago, ka duba kamar naka. Da Kirsimeti ka aika da shinkafa, ka kuma tabbatar naman yankan da zai iya ci ne, ka gaya masa haka. Naman Sallah kuwa, na san Kirista sun rabu a kai. Ni ina karɓa ina ci da godiya, bisa ga yadda na fahimci 1 Korantiyawa 10:25-27. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, ban matsa masa ba, amma ya karɓa da fuska a sake, kada maƙwabci ya tsinci kyautarsa a bola.

A cikin irin wannan zama tambaya takan zo da kanta, sau da yawa ta inda ba ka zata ba. Wani zai ce, "Wai ku me kuke yi a cocin nan tun safe har azahar?" Wani zai ce, "Ku ma kuna azumi?" Ka amsa a taƙaice, da gaskiya, ka tsaya. In yana son ƙari zai tambaya. In mutum ya kawo maka kukan rashin lafiyar ɗansa, ka ce, "Zan sa shi a addu'a," ka kuma yi, bayan kwana biyu ka tambayi jikin yaron. Da wuya ka ga wanda zai ƙi. In an zo kan abin da ya raba mu, kada ka shafa masa mai. Musulmi suna girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, sun yarda da haihuwarsa ba uba, amma ba su yarda an gicciye shi ba, ba su kuma yarda da kiransa Ɗan Allah ba. Mu kuwa a kan gicciye da tashin nan bangaskiyarmu ta tsaya. Faɗin cewa duk ɗaya ne rashin gaskiya ne ga ɓangarorin biyu, shi ma ya sani. Sai dai ka san abin da kunnensa ke ji in ka ce "Ɗan Allah": yana jin kamar ka ce Allah ya yi aure ya haihu. Ka gaya masa mu ma wannan saɓo ne a wurinmu. Abin da muke nufi shi ne Kalman Allah madawwami, wanda yake tare da Allah tun fil azal, ya zama mutum. Ba lalle ya yarda ba, amma aƙalla zai ƙi abin da muka gaskata ne, ba abin da ba mu taɓa faɗa ba. In kuma ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, zan tambayo." Makahon da aka buɗe wa ido a Yohanna 9 bai iya amsa tambayoyin malamai ba, abu ɗaya ya ce ya sani, dā ba ya gani, yanzu yana gani. Kai ma kana da irin wannan labari, ka iya faɗinsa cikin minti biyu da Hausar kasuwa, ba da Hausar bagade ba.

Wani abu da matasa ba sa son ji: mai yiwuwa ka yi shekara ashirin a shagon nan ba ka ga ko mutum ɗaya ya bi Almasihu ta hannunka ba. Juyar da zuciya ba aikinka ba ne, wani ya shuka, wani ya yi ban ruwa, Allah ne mai sa girma. In abotarka da Alhaji tarko ce, ran da ya ce maka "Malam, bar maganar nan" za ka ji ka daina son sa, shi ma zai gane. In ya ce a bari, ka bari, ka ci gaba da yi masa ɗinki mai kyau kana zuwa sunan jikokinsa. In kuma wata rana wani ya zo da gaske yana neman sani, ka tuna shi ne zai biya tsadar, ba kai ba: iyali, gado, aure, wani lokaci har rai. Kada ka ɗauki hotonsa, kada ka ba da shaidarsa a gaban ikilisiya don a tafa maka, kada ka gaggauta shi. Ka kai maganar wurin fasto ko dattijo mai riƙe sirri.

Ga abin da nake so ka yi kafin babbar Sallah. Ka zauna da yaranka ku lissafa ɗinkin da za ku iya gamawa ba tare da ƙarya ba, ka rubuta adadin, in ya cika ka rufe karɓa, ko wa ya zo. Za ka yi asarar kuɗi a wannan karon, kada in ɓoye maka. Duk wanda ya zo karɓar kayansa, ka naɗe ragowar yadinsa ka sa masa a leda. Wani zai karɓa ya wuce. Wani zai tsaya ya dube ka ya ce, "Kai kuwa wane irin tela ne?" Kada ka ce halinka ne, domin ni da kai mun san ba haka ba ne. Ka ce masa, "Ina da Ubangijin da zan ba lissafi, Yesu Almasihu, ya kuma yafe mini abin da ya fi yadi." Daga nan ka tambaye shi ko wuyan rigar ya yi masa daidai.

Ka gaishe mini da shugaban matasan naku. Ka ce in ya samu sarari ya zo mu zauna, ni da shi, a kan maganar wa'azin mota.